Lambun Bayan Gida a Kafanchan: Kowane Iri da Lokacinsa

Hadarin farko da ya taso daga duwatsun Kagoro a ƙarshen Maris ya sha yaudarar masu sabon lambu. Ƙasa ta yi ƙanshi, mutum ya yi wuf ya zuba iri, sai ruwa ya ɗauke na mako biyu, rana ta ƙone tsiron. Tsofaffin manoman yankin ba sa gaggawa. Sai sun tona ƙasa da hannu sun ji laima ta kai tsawon yatsa, galibi cikin Afrilu, sannan su ɗauki fartanya.

Daminar Kudancin Kaduna takan kai Oktoba, ta fi ta Kano tsawo da yawan ruwa, don haka lissafin shukar can ba zai yi aiki a nan ba.

Mai farawa ya kama abin da ba ya ba da wahala. Alayyafo yakan isa tsinka cikin mako huɗu. A gauraya ƙwayarsa da yashi kafin a yafa, don kada ya fito a cunkushe. Kuɓewa takan fara 'ya'ya bayan wata biyu. Ƙwaya biyu a rami ta isa. Yakuwa, rama da gauta duk suna jure daminarmu. A tayar da kunya da tsayi domin ruwa ya riƙa wucewa, a sa kashin kaji wanda ya ruɓe, gama ɗanye ƙone saiwa yake yi.

Citta, wadda ta fitar da sunan Kachia da Kwoi a duniya, ana binne ta tsakanin Afrilu da Mayu, a lulluɓe da ciyawa, a jira wata bakwai zuwa tara. Amma tun annobar 2023 da ta ruɓar da gonakin yankin, dole a bincika asalin iri, a kuma guji wurin da ruwa ke kwanciya.

Tumatir kuwa ba ya shiri da marka. Ruwan Agusta kan zubar masa da fure, ganyen ya yi baƙi. A rene shi cikin Oktoba, a dasa bayan mako huɗu, ya sha sanyin hunturu tare da kabeji, karas da latas. Wanda ke da rijiya ko yake kusa da fadama ya yi ban-ruwa safe ko yamma, a gindin shuka, ba kan ganye ba.

Kada a cika buri. Kunya uku da ake zagayawa kullum sun fi fili guda da ciyawa ta cinye. Ranar da uwargida ta tsinko kuɓewar miyar dare a bayan ɗakinta ba tare da ta aiki yaro kasuwa ba, ranar za a san daɗin jiran lokaci.