Dalilin da ya sa harshen C ke ƙirga haruffa tara a sunan Ƙanƙara

Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya fara koyon harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a cibiyar Bell Labs ta Amurka a shekarar 1972, zai haɗu da umarni uku na karɓar harafi: getchar, getc da fgetc. Na farko yana karɓa ne daga madannai ko abin da aka sa a madadinsu, sauran biyun kuwa sai an faɗa musu fayil ɗin da za su karanta. Takwarorinsu na fitarwa su ne putchar, putc da fputc. Tsakanin getc da fgetc bambancin kaɗan ne: ƙa'idar harshen ta yarda a gina getc ta hanyar da za ta fi sauri, amma sakamakonsu ɗaya.

Abin da ya haɗa su shi ne mafi muhimmanci ga mai rubuta manhaja da Hausa. Dukkansu bayit ɗaya suke ɗauka a lokaci guda. A tsarin ASCII mai alamomi 128, bayit ɗaya harafi ɗaya ne. Amma a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane daga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yana cin bayit biyu.

A ce matashi a Funtua ya rubuta manhajar rajistar manoman masara da auduga. Idan ta ƙirga Malumfashi za ta samu 10 daidai. Ƙafur kuwa za ta ce 6 maimakon 5, Ƙanƙara ta ce 9 maimakon 7. Kwafe suna daga fayil zuwa fayil ba ya ɓata komai, domin putchar tana mayar da abin da getchar ta ɗauko. Matsalar tana tasowa ne idan aka yanke suna don ya shiga gurbi: ana iya raba ƙ gida biyu, sunan manomi ya fito a gurɓace a takardar rabon taki.

Mafita tana cikin gyaran da aka yi wa ƙa'idar C a 1995, wanda ya kawo getwchar, fgetwc da putwchar. Waɗannan suna ɗaukar cikakken harafi, matuƙar an fara kiran setlocale an zaɓi tsarin UTF-8. Don haka duk manhajar da za ta ƙirga ko ta yanke sunayen Hausa, su ya kamata ta yi amfani da su.