Ƙungiyar Ɗalibai Makarantar Koyon Shugabanci Ce

Kowace shekara jami'o'in Nijeriya sukan yaye dubban masu digiri, amma takardar digiri ba ta koya wa mutum jagorancin taro, ko sauraron wanda ya saɓa masa, ko ba da lissafin kuɗin jama'a. A ƙungiyar ɗalibai ake koyon waɗannan, inda akan tsaya zaɓe, a yi muhawara, a zauna da hukumar jami'a a kan ruwa, wuta da ɗakunan kwana.

Tarihi ya shaida ƙarfin wannan makaranta. A 1960 ɗaliban Badun suka yi zanga-zanga a Ikko don ƙin yarjejeniyar tsaro da Ingila, aka kuwa soke ta a 1962. Ya kuma shaida tsadarta. A 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka nemi a sauke Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya. An rasa rayuka a Ikko da Samaru, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyarsu ta ƙasa.

Har yau, in tarzoma ta tashi, wasu hukumomi sukan rushe ƙungiyar baki ɗaya. Ƙura takan lafa, amma an rufe ajin ke nan. Abin da ya fi shi ne a gyara ta, a binciki asusunta, a kuma tura 'ya'yanta ƙauyukan da ke maƙwabtaka da jami'a su koyar da karatu. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.