Mudu Ɗaya Ga Maƙwabta: Daidaita Ƙididdigar Masana'antu Tsakanin Nijeriya Da Nijar

Duk manomin da ya taɓa ɗaukar masara daga Karfi zuwa kasuwar Malumfashi ya san cewa ba a ƙulla ciniki sai an daidaita a kan ma'auni. Idan mai saye ya zo da tiyarsa, mai sayarwa kuma ya zo da tasa, alhali ɗaya ta fi ɗaya zurfi, to faɗin cewa buhu tiya arba'in ne ba shi da wani amfani. Kowannensu zai iya rantsewa a kan lissafinsa, kuma babu wanda ya yi ƙarya, amma lissafin ba zai taɓa haɗuwa ba. Irin wannan matsala ce ke damun masana ƙididdiga a duk lokacin da suka so kwatanta ƙarfin masana'antun ƙasashe biyu maƙwabta. Kafin a ce wannan ƙasa ta fi waccan yawan masana'antu, wajibi ne a fara yarda da abin da ake nufi da kalmar masana'anta ita kanta.

Tafiyar Auduga Daga Gona Zuwa Riga

Yankin Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, ya daɗe da yin suna wajen noman auduga. Tun zamanin Turawa, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a birnin Mancesta a 1902, ta kakkafa injunan gurza a garuruwan Arewa, ciki har da Funtuwa da Malumfashi. Daga baya kuma aka gina masaƙa ta zamani a Funtuwa. Saboda haka, a wannan yanki ana iya bin sawun auduga tun daga gona har ta zama tufa.

Da farko manomi a Karfi ya shuka, ya yi noma, ya tsince. Sai ɗan kasuwa ya saya ya kai gidan gurza, inda inji ke raba audugar da angurya. Ita angurya akan kai ta inda ake matse mai, dusarta kuma ta zama abincin dabbobi. Gurzajjiyar auduga takan tafi masaƙa a kaɗa ta ta zama zare, a saƙa, a rina. A ƙarshe tela ya yanka ya ɗinka riga. Tambayar mai ƙididdiga ita ce: a wane mataki ne aikin noma ya ƙare, aikin masana'anta kuma ya fara? Shin gidan gurza, wanda yake da manyan injuna da leburori da albashi, masana'anta ne ko kuwa ɓangare ne na noma?

Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya

Domin warware irin waɗannan tambayoyi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsarin rarrabe ayyukan tattalin arziki a 1948, wanda ake taƙaita sunansa da ISIC. An yi masa gyara a 1958, da 1968, da 1989, sannan aka wallafa gyara na huɗu a 2008. A 2023 kuma hukumar ƙididdiga ta Majalisar ta amince da fasalin gyara na biyar. Dalilin wannan gyare-gyare shi ne, sana'o'i suna sauyawa da zamani, wasu su mutu, wasu sababbi su ɓullo.

Tsarin ya yi kama da bishiya mai rassa. A gyara na huɗu akwai manyan sassa 21, waɗanda aka yi wa laƙabi da haruffa daga A zuwa U. Sassan sun rabu zuwa rassa 88, rassan sun rabu zuwa rukunoni 238, su kuma suka rabu zuwa azuzuwa 419. Kowane aji yana da lamba mai alƙaluma huɗu. Sashen A shi ne na noma da kiwo da gandun daji da kamun kifi. Sashen C shi ne na masana'antun ƙere-ƙere da sarrafa kaya, daga reshe na 10 zuwa na 33.

Idan aka ɗora tafiyar audugar Karfi a kan wannan tsari, noman ta yana aji na 0116. Matse man angurya yana 1040, kaɗin zare yana 1311, saƙa tana 1312, rini da gyaran yadi suna 1313, ɗinkin tufafi kuma yana 1410. To gurza fa? Gyara na huɗu ya sanya ta a aji na 0163, wato ayyukan da ke biyo bayan girbi, a ƙarƙashin noma. Hujjar ita ce, gurza shirya amfanin gona ce domin kai shi kasuwa, ba a mayar da audugar wani abu dabam ba. Amma a tsarin 1968 gurza tana cikin aji na 3211, tare da kaɗi da saƙa, wato a cikin masana'antu. Gyaran 1989 ne ya ɗauke ta ya kai ta ɓangaren noma.

Yadda Bambancin Ke Ɓata Lissafi

A ƙaddara akwai ƙasashe biyu, kowace tana da ma'aikata 1,000 a gidajen gurza da 2,000 a masaƙu. Ta farko tana aiki da tsohon tsarin 1968, ta biyu kuma tana bin sabon tsari. Ta farko za ta bayyana cewa masana'antun tufafinta sun ɗauki mutum 3,000, ta biyu kuma ta ce 2,000. Wanda ya ga alƙaluman kawai zai ɗauka ta farko ta ɗara ta biyu da rabi, alhali kuwa daidai suke. Haka nan, idan ƙasa ɗaya ta sauya tsari ba tare da ta gyara tsofaffin alƙalumanta ba, sai a ga kamar masana'antunta sun durƙushe a shekara guda, alhali ko inji ɗaya bai tsaya ba.

Wannan ba zato ba ne kurum. Ƙasar Indiya, wadda ke cikin manyan masu noman auduga a duniya, ta sanya gurza a ƙarƙashin noma a tsarinta na 2008, amma har ila yau tana haɗa gidajen gurza a cikin bincikenta na masana'antu na shekara-shekara. Duk mai kwatanta alƙaluman Indiya da na wata ƙasa dole ya lura da haka. Kuma ba gurza ce kaɗai ta yi ƙaura ba. Wallafa littattafai da jaridu, da kuma sake sarrafa tsofaffin ƙarafa da robobi, duk suna cikin masana'antu a tsarin 1989, amma gyara na huɗu ya fitar da su zuwa wasu sassan.

Akwai kuma batun kamfani mai ayyuka da yawa. Idan kamfani ɗaya yana gurza, yana kaɗi, yana saƙa a haraba guda, ƙa'ida ita ce a duba aikin da ya fi ƙara wa kaya daraja, a sanya kamfanin a ajinsa. Idan kuwa yana da rassa a garuruwa dabam-dabam, akan ƙidaya kowane reshe bisa aikinsa. Bugu da ƙari, akwai batun girma. Matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli da matse man gyaɗa a gidajen Maraɗi da Katsina, da masu injin niƙa a ƙauyuka, duk aikinsu ya faɗa cikin sashen C. Idan wata ƙasa tana ƙidaya su, wata kuma sai manyan kamfanoni masu rajista take ƙirgawa, kwatancen ya lalace ko da lambobin ajinsu ɗaya ne.

Nijeriya Da Nijar

Ƙasashen biyu suna da iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, kuma ciniki tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar. Tun 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Sai dai kowace ta gaji tsarin mulki da harshen aiki dabam, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Faransa, kuma wannan ya shafi yadda suke tattara ƙididdiga.

Nijar tana cikin ƙungiyar AFRISTAT, wadda ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Abijan a 1993, mazauninta kuma yana Bamako. Ƙungiyar ta tsara wa membobinta kundin rarrabe ayyuka mai suna NAEMA, wanda aka gina a kan tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma sabunta shi a 2011 domin ya dace da gyara na huɗu. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda ta gaji tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya, ita ke ɗaukar tsarin duniya kai tsaye.

Abin da ya faru a watan Afrilu na 2014 ya nuna girman al'amarin. A lokacin ne Nijeriya ta sake lissafin tattalin arzikinta, ta mayar da shekarar da ake dogara da ita daga 1990 zuwa 2010, ta kuma rungumi gyara na huɗu. Ayyukan da ake bayar da rahotonsu suka ƙaru daga 33 zuwa 46. Masana'antu, waɗanda a da aka kasa su gida uku kacal, wato tace man fetur da siminti da sauran masana'antu, suka koma gida 13, har tufafi da fata suka sami gurbinsu. Jimillar abin da ƙasa ta samar a 2013 ta tashi daga kimanin naira tiriliyan 42 zuwa tiriliyan 80. Kason masana'antu kuma ya tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa kusan kashi 7. Ba a gina sababbin masana'antu cikin dare ɗaya ba. Ma'auni ne aka gyara, aka kuma shigo da ayyukan da a da ba a ƙirga su. A 2025 an sake irin wannan aiki, inda aka ɗauki 2019 a matsayin shekarar dogaro.

Hanyoyin Daidaitawa

Daidaitawa ba ta nufin kowace ƙasa ta watsar da abin da ya keɓanta da ita. Hanya ta farko ita ce a yarda da manyan matakan tsarin duniya, sannan kowa ya ƙara nasa alƙaluman a ƙasa, ta yadda Nijeriya za ta iya ware sarrafa rogo, Nijar kuma ta ware kilishi, ba tare da jimilla ta rikice ba. Ta biyu ita ce tanadar jadawalin da ke nuna inda kowane tsohon aji ya koma a sabon tsari, domin a sake lissafin shekarun baya. Ta uku ita ce a yarda da girman kamfanin da za a riƙa ƙidayawa da hanyar ƙiyasta ƙananan sana'o'i. Amurka da Kanada da Meziko sun bi irin wannan tafarki a 1997, bayan sun ƙulla yarjejeniyar ciniki a tsakaninsu. A Afirka kuma, shugabanni sun amince da manufar daidaita ƙididdiga a taronsu na Kampala a 2010.

Ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, buƙatar ba ta ragu ba. Ƙasashen biyu sun shiga yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙaddamar da matakin aiwatar da ita a Yamai a 2019. Da waɗannan alƙaluma ne gwamnatoci ke yanke shawarar kayan da za a ɗora wa haraji a kan iyaka, da masana'antun da za a ba rance ko lantarki. Bayan rufewar manyan masaƙun Kaduna a shekarun 2000, manoman auduga sun ji a jikinsu, domin masu sayen amfaninsu sun ragu. Duk shirin farfaɗo da wannan sana'a yana buƙatar a san adadin gidajen gurza da masaƙun da suka rage, da mutanen da suke ci daga gare su, a nan gida da kuma maƙwabta. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka, ɗalibin da ya ci karo da jadawalin da ke kwatanta masana'antun ƙasashe biyu, ya kamata ya fara tambayar tsarin da aka bi da shekarar da aka dogara da ita, kamar yadda manomin Karfi ke duba tiya kafin a fara awo.