Daga ɗaya zuwa 1,024: lissafin haidira a akwatin kifi

Haidira, ƙaramar halittar ruwa ce; guda ɗaya da ta shiga akwatin gilashi na kifin ado, ko tankin ƙyanƙyasar tarwada, tana iya zama 1,024 cikin kwana 30. Lissafin ya tsaya ne kan ninkawa sau ɗaya a kowane kwana 3, wato sau 10 a wata. Tun 1953, shekarar da W. F. Loomis ya wallafa hanyar kiwon wannan halitta a mujallar Science, ɗakunan bincike suna samun ninkawar tsakanin kwana 2 zuwa 4 idan ana ciyar da ita kullum. A kan kwana 4, adadin ƙarshen wata yana tsayawa wajen 180. A kan kwana 2, ya haura 32,000. Yawan abinci ne kan gaba wajen raba waɗannan alƙaluma biyu.

Tsayin haidira idan ta miƙe kusan milimita 10 ne. Tana manne gindinta a jikin ganye ko gilashi, ta baza hannuwa kamar zare, galibi 5 zuwa 8, masu ƙwayoyin harbi da ke sanƙarar da abin da ya taɓa su. Littafin ƙyanƙyasar tarwada na de Graaf da Janssen, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buga a 1996, ya sa tsayin ɗan tarwada ranar ƙyanƙyashewa a milimita 5 zuwa 7, nauyinsa miligiram 1.2 zuwa 3. Ke nan haidira ta fi shi tsayi. Hatsarin harbinta ga ɗan kifi yana cikin mako ɗaya zuwa biyu na farko, kuma kifin da ya kai santimita 2 ya fi ƙarfinta.

Hanyar shigarta tsirrai ne da ɗanyen ruwa. A Jimeta da Yola, mafi kusan wurin samun kainuwa da bado da sauran ciyawar ruwa shi ne Tafkin Geriyo da gaɓar Binuwai. Killace sabon tsiro a bokiti daban na kwana 14 yana ba guda ɗaya damar zama 20 zuwa 30, adadin da ido ke iya gani kafin tsiron ya shiga akwati. Akwai kuma wani haɗin da ba a cika lura da shi ba: Artemia, ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ba 'ya'yan tarwada a kwanakin farko, ita ce abincin da ɗakunan bincike ke kiwon haidira da shi.

Jiran ta mutu don kanta ba ya cikin lissafi. Binciken Ralf Schaible da abokan aikinsa, wanda ya fito a mujallar PNAS a 2015, ya bi haidira 2,256 na tsawon kusan shekara 8 a Cibiyar Max Planck da ke Rostock a Jamus da Kwalejin Pomona a Amurka. A rukunan da aka fi bi, mutuwa ta tsaya wajen 1 cikin 167 a shekara, kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, kuma ba ta ƙaru da shekaru ba.

Kankarewa ma haka. Abraham Trembley ya fara yanka haidira gida biyu a 1740, ya wallafa sakamakon a 1744: kowane yanki ya koma cikakkiyar halitta. Kan da aka yanke yana dawowa cikin kwana 2 zuwa 3. Wanda ya goge gilashi da soso ya bar gutsattsarin a ruwa ya ƙara adadi ne. Zuƙewa da siririn tiyo zuwa waje ita ce ke ragewa.

Yunwa tana aiki, amma a hankali. Muscatine da Lenhoff sun ruwaito a 1965 cewa koriyar haidira, mai gansakuka a cikin jikinta, ta rayu kusan mako 4 ba abinci, yayin da wadda aka raba da gansakukar ta ƙare cikin kwana 10 zuwa 12. Akwatin tsirrai ba ya yi sai da haske, kuma hasken ne ke ciyar da gansakukar. Rage abinci yana hana ninkawa, ba ya share akwati.

Ma'aunin gishiri da masu kiwon kifin ado ke bi don kashe haidira shi ne giram 3 zuwa 5 a kowace lita, na kwana 5 zuwa 7. A akwati mai lita 60, giram 180 zuwa 300 ke nan. Britz da Hecht sun nuna a 1989 cewa ruwan da ya fi dacewa da kiwon 'ya'yan tarwada shi ne wanda gishirinsa bai wuce giram 2.5 a lita ba, kuma giram 10 yana kashe su. Mafi ƙarancin ma'aunin masu kifin ado ya riga ya ɗara iyakar da ta dace da ɗan kifi da kashi 20 cikin ɗari. Tsirrai da dama ma suna ƙonewa a wannan ma'auni.

Batun zafi ya fi shafar Adamawa. Matsakaicin zafin rana a Yola cikin Afrilu yana kusa da digiri 40, abin da zai sa a zaci yanayi ya isa magani. Binciken Thomas Bosch da abokan aikinsa a PNAS a 1988 ya nuna akasin haka ga wani nau'in haidira: digiri 34 yana kashe wadda aka ɗauko daga sanyi kai tsaye, amma wadda ta fara zama a digiri 30 tana jurewa. Ruwan ƙyanƙyasar tarwada yana tsakanin digiri 28 zuwa 30 ne, kuma ruwan da ke inuwa ba ya kai zafin iska. Shi ya sa ma'aunin masu sana'ar yake digiri 40 zuwa 42 na awa 2, bayan an kwashe kifi da tsirrai.

Saura fenbendazole, maganin tsutsar ciki na dabbobi. Ma'aunin da ya yaɗu tsakanin masu kifin ado, ba na wata hukuma ba, shi ne giram 0.1 na hoda mai ƙarfin kashi 22 cikin ɗari a lita 38, kusan miligiram 0.6 na ainihin maganin a kowace lita. A lita 60 hodar ba ta kai giram 0.2 ba, adadin da sai ƙaramin sikeli ke iya aunawa. Ba ya taɓa tsirrai, amma yana kashe wasu nau'o'in dodon koɗi.

A akwatin ado mai tsirrai, wannan maganin tare da rage abinci ne ya fi dacewa da alƙaluman. A tankin tarwadar da za a ci, ruwan zafi tsakanin ƙyanƙyasa ɗaya da ta gaba ya fi aminci, kuma magani ba ya shiga sai da umarnin likitan dabbobi.