Dodon Koɗi: Ina Yake Shiga Da Rani, Me Kuma Yake Ci?

Duk yaron da ya tashi a Kwandiko da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram ya san katantanwa, amma ba kowa ne ya san rayuwar mai gidan ba, wato dodon koɗi. Irin wanda aka fi gani a ƙasarmu masana na kiran jinsinsa Limicolaria. Koɗinsa dogo ne mai tsini, kamar tsawon yatsa, sau da yawa da ratsin ja-ja.

Babban abokin gabansa shi ne bushewa, domin jikinsa kusan duk ruwa ne. Saboda haka yakan zauna a wuri mai inuwa da danshi: ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, gindin shinge, bakin fadama da tsagar duwatsu irin na Birnin Kudu. Idan damina ta ɗauke wajen watan Oktoba, sai ya nutse cikin ƙasa, ya toshe bakin koɗinsa da yauƙin da ke bushewa ya zama marfi. Numfashinsa ya ragu ƙwarai, ba ci ba sha, har wata 6 ko 7, sai ruwan farko ya tashe shi.

Da dare yake kiwo, ko bayan an ɗauke ruwa. Harshensa na ɗauke da dubban ƙananan haƙora, da su yake kankarar abinci kamar magagari. Yana cin mataccen ganye da naman kaza da gansakuka, wani lokaci har da tsiron kayan lambu. Bugu da ƙari yana lasar ƙasa da tsohon koɗi don samun sinadarin kalsiyam, wanda da shi yake gina gidansa. Kashinsa taki ne, shi kuma abincin zabi ne da bushiya.

Ya kamata ɗalibai su bambanta shi da Bulinus, ƙaramin dodon koɗin kududdufi mai ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Na tudu ba ruwansa da wannan cuta.

To, ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da muke cinna wa daji wuta ko ƙona sharar gona, lokacin ne yake barci kusa da doron ƙasa, ba halin gudu. Fararen koɗin da ake gani cikin toka shaida ce. Malamai na iya fita da ɗalibai a farkon damina su ƙirga masu rai a gonar da aka ƙona da wadda aka bar wa ganyenta, sa'an nan su kwatanta.