Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Fanka Mai Aiki Da Batir

A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da bazara ta kankama, ba abin da ke hana mutum sakewa kamar a ɗauke wutar lantarki da tsakar dare, fanka ta tsaya cik, gumi ya shiga tsattsafowa. A irin wannan lokaci sai a koma ga mafici, a yi ta fifita har hannu ya gaji. Alhali kuwa a gidaje da yawa akwai tarkacen da aka jefar a lungu, waɗanda in an haɗa su za su zama 'yar fankar da za ta raka mutum zuwa barci. Aikin bai fi ƙarfin yaro ɗan firamare ba, muddin akwai babba a kusa da shi, kuma shi ne tsanin farko ga duk mai sha'awar koyon aikin lantarki.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa shi ne, lantarki ba ya aiki sai ya sami hanyar da za ta kai shi ta kuma komo da shi. Yakan fita daga kan batir, ya bi waya, ya ratsa makunni, ya shiga inji, sa'an nan ya komo ta gindin batir. In hanyar ta yanke ko da a wuri guda ne, kome ya tsaya. Wannan zagaye shi ake kira da'ira, kuma a kansa aka gina tocila da rediyo da talabijin. Wanda ya gane shi ta wajen haɗa fanka ya sami mabuɗin sauran.

ASALIN ABIN

Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, shi ya ƙago batir na farko a shekarar 1800. A 1821 kuma Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa waya mai ɗauke da lantarki tana iya kewaya maganaɗisu ba tsayawa, wannan kuwa shi ne mafarin injin lantarki. Daga baya, a 1882, Schuyler Wheeler na Amurka ya ƙera fankar tebur mai aiki da lantarki. Ɗan injin da ke cikin motar wasan yara jikan waɗannan ne. A cikinsa akwai maganaɗisu biyu da sanda wadda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Da zarar wuta ta shiga naɗin, sai shi ma ya zama maganaɗisu, su yi ta ture juna da na gefe, sandar ta kama juyawa.

KAYAN AIKI

Ana bukatar ɗan inji mai aiki da ƙarfin bolt 3 zuwa 6, irin na motar wasan yara ko na tsohuwar na'urar DVD. Injin tsohuwar rikoda yakan nemi bolt 6 ko 9 ko 12, saboda haka batir biyu ba za su motsa shi sosai ba. Yana da kyau a duba lambar da ke jikinsa, ko a tambayi mai gyaran rediyo. Sai batir biyu na tocila, da makunni wanda ake iya cirowa daga tocilar da ta lalace, da waya mai rufin roba kamar rabin mita, da salatif, da murfin roba mai faɗi don yin farfela, da guntun katako ko kwali mai kauri wanda fankar za ta tsaya a kai.

YADDA AKE HAƊAWA

Kowane batir na tocila, babba ko ƙarami, bolt 1.5 ne yake bayarwa. Bambancinsu kawai shi ne babban ya fi daɗewa. In aka jera biyu, kan wannan yana taɓa gindin wancan, ƙarfinsu ya zama bolt 3 ke nan. Sai a naɗe su a cikin kwali a matse da salatif don kada su rabu. A ɗauki waya daga kan batir zuwa ƙafa ɗaya ta makunni, wata daga ɗaya ƙafar makunnin zuwa injin, ta uku kuma daga injin zuwa gindin batir. Wanda yake da dalma da ƙarfen narka ta sai ya liƙe mahaɗan, wanda ba shi da su kuwa ya murɗe wayoyin da kyau ya rufe da salatif. Kafin a ɗora farfela, a kunna a ga ko sandar tana juyawa.

Farfela ita ce wurin da yawancin masu koyo ke tuntuɓe. A yanko roba mai da'ira wadda faɗinta bai wuce santimita 10 ba, a huda tsakiyarta daidai, a fitar da fukafukai uku ko huɗu masu girma ɗaya. Sa'an nan a ɗan ɗumama kowane fiffike a murɗa shi kaɗan, dukansu su fuskanci gefe guda, domin karkatar nan ita ke tura iska. In wani fiffike ya fi wani nauyi, fankar za ta yi ta rawa tana ƙara. In kuma farfelar ta yi wa injin girma, sai ya yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Kada a yi amfani da gwangwani, don bakinsa yana yanka yatsa.

IN TA ƘI AIKI

Nan ne ainihin karatun yake. Mai koyo ya bi hanyar wutar mataki mataki, tun daga kan batir har zuwa gindinsa, yana duba kowace mahaɗa. In iska tana fita ta baya maimakon gaba, sai a musanya wayoyi biyun da ke jikin injin, nan take zai juya ta ɗaya gefen. In waya ta yi zafi alhali injin bai motsa ba, to wutar ta sami gajeriyar hanya, watau wayoyi biyu tsirara sun haɗu, sai a cire batir nan da nan. Ba a kuma haɗa sabon batir da tsoho.

Ana iya lissafa daɗewar fankar a kan takarda. Misali, batir mai caji da aka rubuta 2000 mAh a jikinsa, in injin yana jan 400 mA, zai yi awa 5, ko da yake a zahiri yakan gaza haka kaɗan.

GARGAƊI GA IYAYE

Wutar da ke bangon ɗaki a Nijeriya ta kai bolt 230, tana kuma kisa. Ko da wasa kada yaro ya kusanci soket da wannan inji. Haka nan batirin wayar hannu da na kwamfuta, waɗanda ake yi da sinadarin litiyam, suna iya kama wuta in an huda su ko an haɗa bakunansu biyu, saboda haka ba na mai koyo ba ne.

Har ila yau, fanka ba ta sanyaya iska. Abin da take yi shi ne busar da gumi, jiki kuwa ya yi sanyi kamar yadda ruwan randa ke sanyi saboda raɓar da ke bushewa a bayanta. In zafin rana ya zarce na jikin mutum, watau wajen digiri 37, amfaninta yakan ragu, musamman ga tsofaffi da jarirai, sai an haɗa da shan ruwa da shafa jiƙaƙƙen ƙyalle.

'Yar fankar nan ba za ta wadaci ɗaki ba, iyakarta fuskar mutum ɗaya. Amma yaron da ya haɗa ta, ta ƙi tashi, ya bi waya har ya gano inda ta yanke, gobe in tocilar gidansu ta mutu buɗe ta zai yi kafin a ce a jefar. Iyaye da malaman makaranta sai su tanadi batir biyu da tsohon inji tun bazara ba ta iso ba.