Tauhidin Kirista da Harshen Hausa

Mai cin kasuwar Darki ya san ƙasar Kano na da Hausawa Kiristoci, yawancinsu zuriyar Maguzawa, masu sujada da Hausa. Fastocin Arewa kuwa a makarantun tauhidi irin na Bukuru, Kagoro da Wusasa suke karatu, inda Turanci ya rinjayi manyan azuzuwa. A ganina da gyara: ya kamata a riƙa koyar da tauhidi da Hausa. Za a ce littattafan fannin na Turanci ne. Haka ne, amma tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller ya jagoranta a ƙasar Zariya. Kalmomin wannan Littafi, su zunubi, tuba, Almasihu, Musulmi ma na amfani da su, wani lokaci da wata ma'anar daban, kuma da Hausa kaɗai ɗalibi zai iya tantance wannan bambanci.